Katifar Da Ta Dace Da Mai Kwanciya Ta Gefe

 Wata 'yar uwa daga Mabera ta aiko da saƙo, ta ce kullum da asuba sai ta dafa bango kafin ta miƙe, kafaɗa da kwankwaso duk sun riƙe, amma da ta ɗan zagaya tsakar gida sai ciwon ya sake ta. To 'yar uwa, kafin ki ɗora wa haihuwa ko shekaru laifi, fara duba katifarki.

Da yawanmu ta gefe muke kwanciya. Kwanciya ta gefen dama sunna ce, kuma likitoci na shawartar mai juna biyu ta riƙa barci ta gefe daga mako na 28. Sai dai in kin kwanta haka, nauyinki kan taru ne a kafaɗa da kwatangwalo. In katifa ta cika tauri, wuraren nan biyu ba za su nutse ba, kwiɓinki ya kwana a rataye, hannu ya yi ta mutuwa. In kuma ta cika laushi, ko tsakiyarta ta lotsa, kwatangwalo ya zurma, ƙashin baya ya kwana a lanƙwashe. Matsakaiciya ake so.

Kada a ce maki mai tauri kamar daɓe ita ce maganin baya. A shekarar 2003 mujallar likitoci ta Lancet ta buga binciken da aka yi a Sifen kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Bayan kwana 90, waɗanda suka kwana kan matsakaiciyar katifa sun fi masu kwana kan mai tauri samun sauƙi.

Na sani ba ke za ki shiga Babbar Kasuwa ba, maigida ne ko ƙanenki, don haka ki yi masu bayani dalla-dalla. Na farko, katifa biyu masu girma ɗaya, a ɗaga kowacce. Wadda ta fi nauyi sosonta ya fi cika, ta fi daɗewa ba ta lotsa ba. Na biyu, a danna ta da gwiwa, in ba ta taso nan da nan ba a bar ta. Na uku, babban mutum mai kwanciya ta gefe ya nemi mai kaurin inci 8 ko fiye, don kada ƙashi ya riƙa taɓa katakon gado. Kada kyan yadin da aka rufe ta ya ruɗe su. Haka nan ke uwar amarya mai haɗa kayan ɗaki, araha dai ba ta ado.

Ki roƙi maigida ya yi sharaɗi da mai shago cewa za a gwada ta a gida da ledarta. Ki kwanta ta gefe kamar minti 15, abokiyar zama ko ɗiyarki ta tsaya ta bayanki ta duba. In daga wuya har kwankwaso bayanki ya miƙe sak, kin dace. Matashin kai ya cike tsakanin kunne da kafaɗa, ki kuma sa ƙarami tsakanin gwiwoyi, musamman in kina da ciki.

Sai batun yanayinmu na Sakkwato. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, a Agusta kuma ruwa ya yi yawa, ɗaki ya yi danshi. Soso na riƙe zafi, yana shan gumi. Yawancinmu mukan bar ledar kanti a jikin katifa wai don ta daɗe, alhali ita ke hana iska shiga, ta tara gumi, ta kawo ƙurajen zafi, in lema ta shige ciki ta yi fumfuna. Da kin tabbatar ta yi maki, cire ledar, ki shimfiɗa zanen gado na auduga. In akwai yaro mai fitsarin kwance, ƙaramar leda a wurinsa kawai ta isa.

Kada katifa ta kwana kan siminti da damina, a ɗora ta kan gado mai tazara tsakanin katakai. Ranar da gari ya washe, a jingine ta inda iska ke kaɗawa. Ta auduga ko ta rimi ce ake shanyawa a rana a bubbuge. Duk wata uku ki juya ta, kai ya koma ƙafa, ki leƙa ɗinkinta ko da kuɗin cizo.

Jariri kuwa rigingine ake kwantar da shi, kan shimfiɗa mai tauri, ba matashi. Kuma in ciwon bayanki na sauka ƙafa, ko ƙafar na mutuwa, ko ya zo da zazzaɓi, wannan ya wuce katifa, a nemi izinin maigida a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Allah ya ba mu lafiya da barci mai daɗi. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.