Tsaftar Asibiti Ta Fi Jinya Araha: Darasi Daga Sabha

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Dirku, ya tsallaka Tummo ya bi ta Gatrun, ya san cewa idan ciwo ya kama mutum a wannan hamada, babban asibitin da ake dogaro da shi shi ne na garin Sabha, hedikwatar yankin Fezzan a kudancin Libiya. A nan ake kai 'yan uwanmu direbobi da 'yan ci-rani, a nan kuma matan mazauna garin suke haihuwa.

A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa jarirai 12 sun rasu a sashen kula da sababbin haihuwa na wannan asibiti, sakamakon ƙwayoyin cuta da suka kama su da kuma ƙarancin ƙwararrun ma'aikata, a lokacin da rikicin ƙasar ya durƙusar da harkar lafiya. Wato cutar da ta kashe su a cikin asibitin suka same ta.

Ba wannan ne karo na farko da Libiya ta ɗanɗana irin wannan ba. A 1998 an gano yara fiye da 400 ɗauke da cutar ƙanjamau a asibitin yara na Al-Fateh da ke Bengazi. Gwamnatin Gaddafi ta kama ma'aikatan jinya biyar 'yan Bulgeriya da wani likita Bafalasɗine, har aka yanke masu hukuncin kisa a 2004. Amma masana irin su Luc Montagnier na Faransa sun nuna cewa rashin tsafta ne sanadi, musamman maimaita sirinji, kuma cutar ta riga waɗannan ma'aikata shiga asibitin. An sake su a 2007, bayan an biya kowane iyali diyyar dala miliyan 1.

To, mu 'yan kasuwa ne, bari mu yi lissafi. Sirinji sabo da ake saye a sari bai kai santi 5 na dalar Amurka ba a 2015, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa. Diyyar Bengazi kuwa ta haura dala miliyan 400, ban da yara fiye da 50 da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda ba kuɗin da zai dawo da su.

Rahoton da hukumar ta fitar a 2022 ya nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, cikin majinyata 100 da aka kwantar, 15 na kamuwa da wata sabuwar cuta a asibiti, alhali a ƙasashe masu arziki 7 ne. Cikin kowane 10 da suka kamu, ɗaya na mutuwa. Wanke hannu da sauran matakan tsafta kuwa na iya hana kashi 70 cikin ɗari na wannan ɗauka.

Asarar ba a kan gwamnati kaɗai take faɗawa ba. Wanda ya shiga don ɗinkin rauni na kwana uku, ruɓa ta kama wurin ya yi wata guda, shi zai sayi magani mai tsada, rumfarsa a rufe, motar kaya ta tafi ta bar shi, mai jinyarsa ma ya bar nasa neman.

Saboda haka akwai abin da ya rage gare mu. Idan za a yi mana allura, a Sabha ne ko Jibiya ko Illela ko Maigatari, mu nemi a ɓare sabon sirinji a gabanmu. Mu wanke hannu da sabulu kafin mu taɓa majinyaci da bayan mun taɓa shi, mu kuma rage cincirindon dubiya a ɗakin masu jego. Masu sayar da safar hannu da sirinji da auduga su ji tsoron Allah, su guji jabu da kayan da wa'adinsu ya ƙare. Ƙungiyoyinmu na kasuwa da suka saba kai gudummawa asibiti, su sa sabulu da tankin ruwa a sahun gaba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kai matafiyanmu gida lafiya, amin.