Tabarau ga yaro mai lalurar otizim

Harara-garke da gani dishi-dishi sun fi yawa a tsakanin yara masu lalurar otizim, amma ba kasafai ake ganewa ba. Yaron da bai iya faɗin abin da ke damunsa ba, in ya kanne ido ko ya manna abu a fuska, iyaye sukan ɗora wa lalurar tasa laifi.

Awon ido ba sai da karatun haruffa ba. Likita kan ɗiga magani, ya haska fitila cikin ido, ya gane tabaran da ya dace. 

Sabo da tabarau shi ne aiki: wani yaron ba ya jure abu a hanci ko bayan kunne. A fara da 'yan mintoci, lokacin wasan da yake so.