Mai mota, riƙe littafi: shan mai da kula da inji



Ranar Juma'a, ranar kasuwar Matamaye, ku je tasha ku gani. Motoci ne ko'ina: na Kance, na Dungu, na Ɗan Barto, na Damagaram. Wasu sun ɗauko rake, wasu gero da wake, wasu mutane da awakinsu. Da yawa cikin motocin nan na manoma ne da ƙananan ƴan kasuwa. Wani ya saida shanunsa ya saya. Wani ya tara kuɗin rake na shekaru. Wani ƴaƴansa ne da ke ci-rani suka haɗa masa.

To, ku zaga bayan gidaje kuma. Za ku tarar da mota a kan duwatsu, ba taya, kaji na kwana cikinta. In ka tambaya, sai a ce maka tsufa ne. Amma abu uku suka fi kashe mota a ƙasarmu: mai maras tsabta, ƙura, da mantuwa. Duka ukun suna da magani, kuma maganin ba shi da tsada.

Mai iri biyu ne

Akwai isansi, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce wa fetur. Akwai kuma gazuwal. Kowane inji da irin nasa.

A injin isansi, mai da iska ke haɗuwa, sai buji, wato fulogi, ya ba da tartsatsin wuta su kama. Injin gazuwal ba ya buƙatar tartsatsi. Iska yake matsewa har ta yi zafi ƙwarai, sannan a fesa gazuwal, ya kama da kansa. Famfon da ke tura gazuwal da bakunan da ke fesa shi suna da ƴan ƙofofi ƙanana, kuma suna da tsada. Ƙwayar rairayi ko ɗigon ruwa na iya lalata su.

In an yi kuskure an zuba isansi a motar gazuwal, ko gazuwal a motar isansi, kada a tada inji. Kada ma a murɗa makulli. A tura motar gefe, a kira makanike ya zubar da man tanki duka.

Daga ina manmu yake fitowa?

A da, duk man da muke sha daga waje ake kawo shi. A 1977 gwamnati ta kafa kamfanin Sonidep don ya riƙa sayen mai, yana ajiyewa, yana rarrabawa. A watan Nuwamba 2011 aka buɗe matatar mai ta Soraz, wajen kilometir 50 arewa da Damagaram, kan hanyar Tanut. Ɗanyen mai na zuwa mata daga Agadem, jihar Diffa, ta bututu mai tsawon fiye da kilometir 400. An gina ta don ta tace ganga 20,000 a rana.

Duk da haka, mu na bakin iyaka mun daɗe muna shan man kwalba da na jarka, wanda ake ce wa ruwa-ruwa. Dalili shi ne a da gwamnatin Najeriya tana biyan wani kashi na kuɗin fetur, don haka ya yi araha a can. Ranar 29 ga Mayu 2023 shugaban Najeriya ya ba da sanarwar janye wannan tallafi, sai mai ya yi tsada a can. A nan kuma, a watan Yuli 2024, gwamnatinmu ta rage kuɗin litir: isansi daga sefa 540 zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618. Mutane suka koma gidajen mai da yawa. A watan Maris 2025 har aka yi ƙarancin isansi, aka yi dogayen layi.

Darasin da ke ciki: farashi na hawa yana sauka, kuma ba a hannunmu yake ba. Abin da ke hannunmu shi ne tsabtar man da muke zubawa, da yawan man da motarmu ke sha.

Yadda ake gane mai mai kyau

Gidan mai ya fi aminci. Kafin a fara zuba maka, duba lambar famfo ta koma sifiri. In an gama, karanta litir da kuɗi da idonka.

In tafiya ta kama ka a ƙauye, ba gidan mai kusa, to ga dabara. Zuba kaɗan cikin farar kwalba, ka ajiye ta ɗan lokaci. Ruwa ya fi mai nauyi, don haka ƙasa yake kwantawa, rairayi ma haka. In ka ga wani abu ya kwanta, bar man nan. Sa ƙyalle mai tsabta a bakin mazurari. Kada ka yarda a zuba maka ƙarshen jarka, don can datti yake taruwa. Isansin da aka gauraya da kananzir yana sa inji ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe, ga hayaƙi, ga rashin ƙarfi.

Kada ka bari tanki ya ƙafe. A motar gazuwal, in mai ya ƙare, iska ke shiga bututu, kuma injin ba ya tashi sai an fitar da ita. Yawancin motocin gazuwal suna da ɗan mabuɗi a ƙarƙashin matatar mai, wato filta. Ta nan ake tsiyaye ruwan da ya taru. Ka ce makanike ya nuna maka wurin.

Mai wuta ne

Kashe inji kafin a zuba mai. Ba taba, ba ashana, ba fitilar kananzir kusa. Tururin isansi na kama wuta tun daga nesa. Kada a ajiye jarkar mai a ɗakin kwana ko kusa da murhu. Kada a zuƙi mai da baki ta tiyo: in ya shiga huhu yana kisa. In isansi ya kama wuta, rairayi ake zubawa. Ruwa ƙara watsa wutar yake yi.

In tankar mai ta faɗi, ku gudu nesa, ku janye yara. A watan Mayu 2019, kusa da filin jirgin sama na Yamai, tanka ta faɗi, mutane suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka rasu. A watan Oktoba 2024 aka yi irin haka a garin Majiya, jihar Jigawa ta Najeriya, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Babu man da ya kai rai.

Duban safe

Mai jaki ba ya ɗora kaya sai ya duba bayan jakinsa. Mai mota ma kowace safiya, kafin ya tada inji, sai ya duba abu biyar.

1. Baƙin mai. Motar ta tsaya a wuri mai daidai. Zaro sandar awo, goge ta, mayar da ita, sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyu. In ya yi fari-fari kamar nono, ruwa ya shiga, sai makanike.

2. Ruwan lagireto, wato tukunyar da ke sanyaya inji. A duba shi inji na sanyi. Kada a taɓa buɗe murfin inji na zafi, don tafasasshen ruwa zai watso a fuska. Ruwan rijiya mai gishiri ko kanwa yana toshe ƙofofin lagireto. Ruwan sanyaya inji da ake saidawa ya fi.

3. Man birki. In yana raguwa da sauri, akwai inda yake yoyo. Kada motar ta ɗauki kowa sai an gyara.

4. Tayoyi, har da ta ajiya. Taya mai ƙarancin iska tana ƙara shan mai, tana zafi, tana fashewa. Ƙananan motoci na ɗaukar iska wajen kilo 2 zuwa 2 da rabi. Ainihin adadin yana rubuce a jikin ƙofar direba ko cikin littafin motar.

5. Ƙarƙashin mota. Duba ƙasa inda ta kwana. Ɗigon mai ko na ruwa labari ne.

In kana tafiya jar fitilar baƙin mai ta kama, ko allurar zafi ta hau ja, tsaya nan take ka kashe inji. Wanda ya ce bari ya ƙarasa Takeita, sau da yawa sai ya sayi wani inji.

Juye da ƙura

Baƙin mai shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe. A kwana a tashi yana tsufa, yana cika da datti. Shi ya sa ake yin juye, wanda makanikai ke ce wa bidanji. A hanyoyinmu masu rairayi da zafi, tsohuwar mota tana son juye kowane kilometir 5,000, ko bayan wata 6 in ba ta yawan tafiya. A canza matatar baƙin mai tare. Sayi man da ke cikin galan a rufe, ka karanta lambar jikinsa, kamar 15W40 ko 20W50, ka tabbata irin wanda motarka ke sha ne. Tsohon man da aka juye kuwa, kada a zubar da shi kusa da rijiya ko lambu.

Inji yana shaƙar iska fiye da yadda yake shan mai. Matatar iska ce ke tare ƙura. Lokacin hunturu, ciro ta kowane mako, ka karkaɗe ta a hankali. In ta takarda ce, ba a wanke ta da ruwa. In ta yage ko ta toshe, a sa sabuwa. Wasu na cire ta gaba ɗaya wai don mota ta yi gudu. Wannan kamar a zuba wa inji rairayi ne da hannu.

Hayaƙi ma yana magana. Baƙin hayaƙi: mai ya yi yawa, ko iska ba ta shiga sosai. Shuɗin hayaƙi: inji na ƙona baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya tsayawa ko inji ya yi zafi: mai yiwuwa ruwa ke shiga inda mai ke ƙonewa.

Littafin mota

Saura mantuwa. Maganinta littafi ne na ƴan makaranta da alƙalami. Ajiye su cikin mota. Ja layi huɗu: kwanan wata, lambar kilometir da ke gaban direba, litir nawa aka zuba, da abin da aka gyara.

Ga yadda ake awo. Cika tanki, rubuta kilometir. In ka sake cikawa, rubuta litir da sabon kilometir. Yanzu ka san abin da motarka ta sha.

Ga misali. Daga Matamaye zuwa Damagaram wajen kilometir 85 ne. Zuwa da dawowa 170. A ce motarka na shan litir 10 a kilometir 100. Ke nan litir 17. A ce litir dala ɗari ne, wato sefa 500. Kuɗin mai ya kama 8,500. To, a ce matatar iska ta toshe, tayoyi ba iska, kaya sun yi yawa, motar ta koma shan litir 13. Yanzu litir 22 za ta sha, wato 11,000. Ka yi asarar jika biyu da rabi a tafiya guda. In kana zuwa sau biyu a mako, jika 20 ke nan a wata. Wanda ba ya rubutawa ba zai gane ba. Zai dai ga aljihu ba ya cika.

Littafin nan zai gaya maka ranar juye. Zai raba gardama tsakanin mai mota da direbansa, ko tsakanin ƴan ƙungiyar da suka haɗa kuɗi suka sayi mota. In kuma ka tashi saida motar, shi ne shaidarka. Mai babur da mai injin ban ruwa a lambu su ma su yi nasu. Mai injin ban ruwa sai ya rubuta awoyin aiki maimakon kilometir.

Ƴan uwa, a ƙauyuka da yawa mota guda ce ke kai rake kasuwa, ita ce kuma ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Ranar da ta ƙi tashi, ba mai ita kaɗai ke wahala ba. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa direba da yaron mota na garinsu. Gobe da safe kuma, kafin a murɗa makulli, a zaro sandar awo.