Bayanin Tsagar Bango, da Yadda Ake Rabe Mai Rai da Matacciya

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, ƙadangare ƙaramin baƙo ne. Abin da ya fi cancanta a ji tsoro shi ne labarin da tsagar ta zo da shi, gama tsaga alama ce ta wata cuta, kuma ba a shan magani sai an san ciwo.

Al'adar mafi yawan mutane, da zarar sun ga bangon ɗaki ya dare, sai su kira mai yaɓe ya toshe, a shafa farar ƙasa ko fenti, hankali ya kwanta. Sai watan Agusta ya kama, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi a Kano da Zazzau da Katsina da Damagaram, a ji soro ya rufta a kan mutane. Alhali da wuya soro ya faɗi bai yi gargaɗi ba. Saboda haka malamin da almajirai ke kwana a zaurensa, da attajirin da ya tara hajarsa a sito, lalle ne su san karatun bango.

Farkon abin dubawa shi ne zurfin tsagar. Wadda ta yi sirara kamar gashi, ta bazu kamar saƙar gizo-gizo, a yaɓe kaɗai take. Sababinta yawan laka cikin kwaɓi, ko kuwa iskar hunturu ta busar da yaɓen da gaggawa. Mai gida ya ƙwanƙwasa wurin da yatsa. In ya ji amo kamar na ƙwarya, yaɓen ya rabu da bango, sai a kankare a sake. Wannan yakan auku ƙwarai inda aka yaɓa siminti a kan ginin ƙasa, domin biyun ba su kama juna, kuma simintin yakan tsare laima a ciki. Sa'an nan ya zaga bayan ɗakin. In ya tarar da tsaga a waje daidai da ta ciki, to, ta ratsa jikin bangon, al'amari ya wuce na yaɓe.

Na biyu, a dubi inda ta fuskanta. Tsagar da ta tashi daga kusurwar ƙofa ko taga ta tafi a karkace, ko ta bi tsakanin bulo hawa-hawa kamar matakala, tana nuna harsashi ya motsa. In ta fi faɗi a sama, galibi gefe ɗaya na bangon ne ya nutse. In ta fi faɗi a ƙasa, tsakiyarsa ce ta zauna. Wadda ta miƙe tsaye a lungu, inda bango biyu suka haɗu, tana nuna sun fara rabuwa, musamman in an ƙara ɗayan daga baya ba a sarƙa shi da na farko ba. Wadda ta kwanta a gicciye ƙarƙashin rufi kuwa ita ce mafi hatsari a soron ƙasa. Azara ɗaya ba ta wuce kimanin ƙafa 6 ba tare da tallafi ba, shi ya sa magina suke yin tauyi da bakan gizo. In ruwa ya ruɓar da kan azara, ko ƙasar da ake ƙarawa bisa rufi kowace shekara ta yi nauyi, sai rufin ya sauko ya tura bango waje. A ginin kankare kuma, tsagar da jan tsatsa ke tsatsafowa daga cikinta, rodi ne ya yi tsatsa ya kumbura.

Na uku, faɗinta. Masana gini na Ingila sun kasa tsaga bisa awo. Wadda ba ta wuce milimita 5 ba, aibinta ga ido ne. Daga 5 zuwa 25, takan hana ƙofa rufuwa, ta shigar da ruwa, tana bukatar gyara na sosai. Wadda ta haura 25, watau inci guda, tana taɓa tsayuwar ginin kansa. Amma ƙofar katako takan kumbura da damina ko da bango lafiya lau, kada a yi hukunci da ita kaɗai.

Na huɗu, shi ne uwar bayanin duka: tsagar tana da rai, ko ta mutu? Mai gida ya ɗauki alƙalami da tawada, ya yi ɗigo a ƙarshen tsagar sama da ƙasa, ya rubuta ranar. Ya yi ɗigo biyu kuma, ɗaya dama ɗaya hagun, ya auna tsakaninsu. Ya riƙa komawa kowane mako. In ta wuce ɗigon, ko tsakanin ya ƙaru, tana da rai, toshe ta asarar kuɗi ce. Akwai wadda ke buɗewa da rani ta rufe da damina. Wannan halin baƙar laka ne mai kumbura in ta sha ruwa, irin firkin ƙasar Barno. Domin haka ba a kiran tsaga matacciya sai ta ga rani da damina ba ta motsa ba.

In an tabbata tana da rai, sai a nemi sababi, mafi yawa kuwa ruwa ne. A dubi indararon da ke zuba a gindin bango, da kwatar da ta toshe, da bututun famfo mai yoyo, da salga ko rijiyar da aka haƙa kusa da harsashi. A dubi saiwar darbejiya, da hanyar gara a jikin bango. Mai sayen gida a birni kuma ya tambayi dattawan unguwa ko filin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, gama irin wannan ƙasa takan yi shekaru tana zama. In bangon tsakaninsa da maƙwabci ne, ya sanar da shi, su duba tare.

Akwai alamu da ba a jira musu awon tawada. In ƙasa tana zubowa daga rufi, ko azara tana ƙara da dare, ko an rataya dutse a igiya an ga bango ya karkace ko ya yi ciki, ko tsaga ta ƙaru cikin kwanaki kaɗan, sai a fitar da mutane a daren nan, kafin littattafai da haja. A tokare rufin da itace mai ƙarfi, a kira gwanin magini ko injiniya. Kwana a rumfa wata guda ya fi sauƙi bisa tonon mutum daga ƙarƙashin ƙasa.

Haza wasalam.