DOGON JAK DA TSOHUWAR MOTAR SOJA: ABIN DA YA KAMATA DIREBA DA YARONSA SU SANI

Duk wanda ya saba bin hanyoyin ƙauyukanmu da damina ya san abin da ake nufi in an ce mota ta kafe. Taya na juyawa, taɓo na tashi, mota kuwa sai ƙara nutsewa take yi. Saboda irin waɗannan hanyoyi ne mutane da ƙungiyoyi suke sayen tsofaffin motocin soja da ake gwanjonsu a Turai da Amurka, gama an ƙera su domin jeji, injin kuma yana juya tayoyin gaba da na baya duka. Amma ko motar soja takan kafe. A ranar nan ne ake neman dogon jak, wato ƙarfen nan mai jerin huji da dogon mariƙi da muke gani ɗaure a jikin motocin daji. Kayan aiki ne mai ceto, amma yana iya karya muƙamuƙin wanda bai san halinsa ba.

ASALINSA DA YADDA YAKE AIKI

Wanda aka fi sani shi ne Hi-Lift, na kamfanin Bloomfield da ke jihar Indiyana ta Amurka. An kafa kamfanin a 1895, ya kuma fito da jak ɗin a 1905, manoma suna ta amfani da shi wajen ɗaga amalanke da cire turaku. Ba ya aiki da mai kamar gajeren jak mai siffar kwalba. Ƙusoshi biyu ne masu sifirin suke hawa jerin hujin nan, ɗaya bayan ɗaya. In ka danna mariƙi ƙasa, ɗaya ta riƙe nauyi, ɗaya ta matsa zuwa huji na gaba, sai ka ji ƙas. Akwai kuma 'yar sakata a gefe: in tana sama jak yana ɗagawa, in an buga ta ƙasa yana saukewa. Mai tsawon inci 48, wato ƙafa huɗu, shi aka fi saye, nauyinsa kuwa wajen kilo 13 ne.

KOWANE JAKI DA KAYANSA

Kamfanin ya ƙayyade nauyin aikinsa a kilo 2,113, ko da yake an gwada shi har kilo 3,175. Wato kamar buhu 21 ke nan na masara mai kilo ɗari ɗari. Akwai wata ƙusa a gindin mariƙi da aka yi ta musamman domin ta karye in nauyi ya wuce kima, kafin sauran jak ɗin ya lalace. In ta karye kada a maye ta da ƙusa mai ƙarfi daga wurin makaniki, sai dai irinta. Wanda ya yi haka ya kashe mai gadi ne domin yana damunsa da ihu.

To, yanzu sai mu auna da motocin. Land Rover ta soja wajen tan 2 ce. Akori-kurar Chevrolet M1008 da sojan Amurka suka yi aiki da ita a shekarun 1980 ba ta kai tan 3 ba. Da yake kusurwa ɗaya kawai ake ɗagawa, dogon jak ya ishe su. Amma babbar motar nan M35 mai ƙafa goma, wadda ta shiga aiki a farkon shekarun 1950, nauyinta ya kusa tan 6 tun ba a sa mata kaya ba. Bedford MK ta sojan Ingila ma tana wajen tan 5. Ga irin waɗannan, gaban mota inda inji yake, ko bayanta cike da buhuna, ya fi ƙarfin dogon jak. Lalle ne a sauke kaya da fasinja tukuna, in kuwa canjin taya ne, a sa gajeren jak mai mai a ƙarƙashin aksil. Dogon jak mataimaki ne a babbar mota, ba shi ne sarki ba.

INDA ZA A ƊAURE SHI

Ƙarfe mai kilo 13 da aka jefa a bayan mota haka kawai, cikin mata da yara, makami ne ran da aka taka birki da ƙarfi. Wuri mafi kyau shi ne cikin bodi, daf da bayan kan mota, a kwance ko a tsaye. Mai walda ya haɗa ƙarafa biyu masu kauri a jikin bodin, kowanne da ƙusa mai zare da za ta shiga hujin jak, sa'an nan a matse da noti mai kunnuwa wanda hannu zai iya kwancewa ba sai da sifana ba. A bar tazara mai yawa tsakanin ƙusoshin biyu domin kada jak ya riƙa lilo. A sa guntun roba na tsohuwar taya a tsakani saboda ƙara, a ɗaure mariƙi da tsinken roba, a kuma sa kwaɗo, gama ido ba ya raina kayan ƙarfe a tasha.

Akwai wuraren da muke shawartar a guje musu. Kada a huda ko a yi walda a leɓen shasi na sama ko na ƙasa, domin nan ne ƙarfin kashin bayan mota yake. Kada a ɗaure shi a gaban lagireto inda zai tare iska. A kan bambar gaba kuwa yana shan ƙura da taɓo, kuma in mota ta dulmiya da hanci, jak ɗin da kake nema shi ne zai fara nutsewa. Tambayar da mai mota zai yi wa kansa ita ce: in na kafe har ƙofa, hannuna zai kai gare shi?

YADDA AKE ƊAGAWA

Da fari a kashe inji, a ja birkin hannu, a sa giya, kowa ya sauka ya ja baya. Yaron mota ya sa waigi gaba da bayan tayoyin da za su zauna a ƙasa. Gindin jak ƙarami ne, a taɓo ko rairayi nutsewa zai yi maimakon ya ɗaga mota, saboda haka a ajiye katako mai kauri da faɗi a mota kullum domin a ɗora shi a kai. Hancin jak ya shiga gaba ɗaya ƙarƙashin ƙarfe mai ƙarfi kuma shimfiɗaɗɗe. Bambar motar soja takan dace da wannan, sai dai ƙarfe a kan ƙarfe yana zamewa, don haka yana da kyau mai walda ya sa 'yan ƙarafa biyu da za su tare hancin dama da hagu.

Ga wani abin da yake ba sababbin direbobi mamaki. In ka ɗaga ta bamba, bodi ne yake tashi, taya kuwa tana nan a ƙasa har sai sifirin ya gama miƙewa. Kafin ta tashi mota ta yi sama ƙwarai, tana rawa a kan sanda ɗaya. Maganin wannan shi ne a ɗaure aksil da shasi da sarƙa tun kafin a soma, sai su tashi tare. In taya ta fito daga rami, a cika ramin da duwatsu da rassan itace, ana turawa da shebur ko sanda, ba da hannu ba. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota, ko ya sa ƙafarsa, muddin dogon jak kaɗai ke riƙe da ita.

SAUKEWA TA FI HAƊARI

A nan ne yawancin raunuka suke faruwa. Lokacin saukewa nauyin mota duka yana tura mariƙi sama. In hannu ya kuɓuce, mariƙin zai yi tsalle ya riƙa bugawa sama da ƙasa da kansa, duk abin da ya tarar a hanya, haɓa ko haƙori ko ido, ya tafi. Ka'ida ita ce: a ɗaga mariƙi ya manne da sandar jak kafin a taɓa sakata. Bayan an buga sakata ƙasa, a riƙe mariƙi da hannu biyu, a tsaya a gefe, kai ya yi nesa da tsakanin mariƙi da sanda. A sauke huji ɗaya ɗaya, a kai kowane danni ƙarshensa. A tuna kuma, in nauyin da ke kansa ya kasa kilo 68, kan jak ɗin yakan zube ƙasa gaba ɗaya, saboda haka a janye yatsun ƙafa. Mutum ɗaya ne zai riƙe jak, mutum ɗaya ne kuma zai yi magana. Taimakon jama'a yana da daɗi wajen turi, amma ba a nan ba.

KULA DA SHI

Ƙurar hunturu da tsatsar damina su ne abokan gabansa. In ƙusoshin nan biyu suka ƙafe, jak zai ƙi hawa, ko ya ƙi sauka da mota a kansa. A wanke su da kananzir, a ɗiga mai mara kauri. Giris mai kauri yana tara yashi. A rufe kan jak da guntun tamfol, a kuma duba sandar, in ta lanƙwashe a daina aiki da ita.

Har wa yau, da sarƙa mai ƙarfi da itace mai kauri, ana iya kwantar da shi a ja mota da shi kaɗan kaɗan, kowa yana nesa da layin sarƙar. Amma duk wannan sai wanda ya gwada tun a gida. Muna roƙon masu mota da shugabannin ƙungiyoyi, kafin ruwa ya sauka, su sa direba da yaronsa su ɗaga mota su sauke ta a fili mai tauri, da rana, sau uku ko huɗu, har hannu ya saba. Bakin rafi da dare ba wurin koyo ba ne. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye hanya.