Fitilar Inji Ta Kama: Kada Ku Yi Saurin Sayen Famfo

'Yan'uwa manoma, yawancin motocin da ƙungiyoyinmu na Gwarzo da Kabo ke saya don kai albasa da masara kasuwa 'yan Beljam ne, irin su Golf da Sharan. Ba kamar Peugeot 504 ba ne, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, wadda kowane bakanike ya san cikinta. Waɗannan suna da kwamfuta, kuma idan wani abu ya samu matsala sai wata fitila mai hoton inji ta kama a gaban direba.

A hunturun bara fitilar nan ta kama a motar wata ƙungiya da nake zagayawa wajen Getso. Aka kai ta Kano, aka jona mata na'urar bincike, sai lamba P0411 ta fito. Mai gyara ya ce famfon iska ya mutu, a je Ƙofar Ruwa a sayo wani. Kuɗin da ya faɗa kuwa na taki ne da aka tara. Ma'aji ya zo ya same ni, na ce a dakata tukuna.

Mene ne famfon nan? Ku tuna da zugazugin maƙeri. Da safe inji yana da sanyi, yana shan fetur da yawa, wani kuma ba ya ƙonewa duka. To, wannan ƙaramin famfo mai aiki da lantarki shi ke hura iska cikin bututun salansa, ragowar man ya ƙone, matatar hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi ta yi zafi da wuri. Minti ɗaya ko biyu yake yi ya tsaya. A Amurka aka soma wannan dabara wajen 1966 saboda hayaƙi ya dami biranensu. Ba kowace mota ke da shi ba.

Abin da ya kamata ku gane shi ne, lambar ba ta ce famfo ya mutu ba. Cewa ta yi iska ba ta isa inda ake so. Wuta kuwa kafin ta kai famfon sai ta bi ta fis da rile da waya, kuma kowannensu ya fi famfo araha nesa ba kusa ba.

Gwajin farko ba ya cin ko kwabo. Da asuba, motar ta kwana ba a tashe ta ba, wani ya buɗe bonet ya kasa kunne, direba ya tayar. Famfo mai lafiya yana ƙugi mai ƙarfi kamar fanka, jim kaɗan ya yi shiru. Dole sai da sanyin safiya, domin idan inji ya ɗumi kwamfuta ba za ta kira shi aiki ba, sai ku ɗora masa laifin da bai yi ba. Tamu ba ta ce uffan ba.

Sai muka kira wani mai rewaya a Gwarzo, muka fara da fis. Na wannan famfo babba ne, yawanci mai lamba 40 ko 50, sau da yawa kuma yana kusa da batir, ba cikin akwatin ƙananan ba. Muka tarar ya ƙone. Nan direba ya ce a naɗa masa waya mu wuce. Na hana. Fis mai gadi ne, yana mutuwa don kada waya ta ɗau zafi. Wanda ya naɗe shi da waya ya kori mai gadi ke nan, motar da ke ɗauke da buhuna da mata 'yan kasuwa kuwa ba abin yi wa ganganci ba ce. Fis ba ya ƙonewa haka kawai, sai a nemi abin da ya ƙona shi.

Rile shi ne ɗan makunnin da kwamfuta ke taɓawa don ya saki wuta mai yawa. Idan akwai irinsa daidai a motar, a musanya a gani. Wani lokaci bakinsa yakan manne, famfo ya yi ta aiki ba tsayawa har batir ya kwanta. Namu lafiya lau. Daga nan mai rewaya ya zare soket ɗin famfo, ya sa sabon fis, ya jona kwan gwaji, aka tayar da mota washegari da asuba. Da a ce kwan ya kama, wuta na isowa ke nan, sai a tuhumi famfo. Bai kama ba, sabon fis ɗin ma ya sake ƙonewa alhali famfo ba ya jone. Ashe laifin na kan hanya.

Muka bi wayar taki ɗaya-ɗaya. Can ƙasa kusa da tayar gaba muka ga inda ɓera ya gaigaye robar, jan ƙarfen yana taɓa jikin mota. Dama kusa da ɗakin ajiyar hatsi ake kwantar da ita. Aka yanke wurin, aka haɗa da dalma, aka naɗe. Kafin a mayar da soket, ya ba famfon wuta kai tsaye daga batir ta wayar da ke da fis, na ɗan lokaci kaɗan. Ya tashi da ƙuginsa.

Wani abu kuma da ya nuna mini, ya cire tiyon da ke fita daga famfo ya karkata shi ya ga ko ruwa zai zubo. Akwai bawul da ke hana hayaƙi dawowa baya. In ya lalace, tururin salansa yakan koma ya taru cikin famfo, tsatsa ta kama shi ya cije, ya riƙa ƙona fis. Wanda ya sa sabon famfo bai canja bawul ɗin ba, zai koma Ƙofar Ruwa kafin shekara ta zagayo. Namu a bushe yake.

Wasu za su ce ai mota na tafiya ko babu famfon. Haka ne, tana tafiya. Amma fitilar guda ɗaya ce. In kun saba ganinta a kunne, ranar da babbar matsala ta taso a kan hanyar Rimin Gado ba ta da wata hanyar faɗa muku. A taron wata, ƙungiyar ta yanke cewa ma'aji ba zai fitar da kuɗin kayan lantarki ba sai direba ya faɗi abin da aka gwada. An kuma canja wa motar wurin kwana.