BABI NA UKU: DABARUN TSIRRAI DA ƘANANAN DABBOBI NA TSALLAKE RANI A AREWACIN ZAMFARA

3.1 Yanayin Yankin

Ƙananan hukumomin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi suna arewacin Jihar Zamfara, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a shekarar 1996. Damina a wannan yanki takan kankama ne a watan Yuni, ta ɗauke wajen ƙarshen Satumba, kuma ruwan da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 900 ba. Sauran watannin kuwa, sai hunturu da busasshiyar iskarsa, sannan bazara, inda zafi kan kai digiri 40 a watan Afrilu. Gulaben Gagare da Bunsuru, waɗanda ke ratsa yankin kafin su haɗu su zama gulbin Rima, su ma da rani yashi ne ke rage a yawancin cikinsu.

Ke nan duk wani abu mai rai a nan dole ne ya shafe wata bakwai zuwa takwas ba tare da ruwan sama ba. Abin da wannan babi ke son nunawa shi ne, kaɗan ne daga cikin halittun ke fuskantar rani gaba da gaba. Mafi yawansu kauce masa suke yi, su koma ƙarƙashin ƙasa su jira.

3.2 Tsirrai

Itacen da ya fi cancantar a fara da shi shi ne gawo, wanda masana kimiyya ke kira Faidherbia albida. Gawo ya saɓa wa sauran itatuwa, domin da damina yake zubar da ganye, ya kuma yi kore shar da rani. Abin da ya ba shi wannan dama shi ne doguwar saiwarsa da ke nutsawa har ta cim ma ruwan ƙarƙashin ƙasa. A ƙasar Sanigal an taɓa samun saiwar gawo a zurfin da ya haura mita 30. Saboda haka bai dogara ga ruwan sama na shekarar ba kamar yadda gero ya dogara. Amfanin wannan hali ga manomi a fili yake. Da damina gawo ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen da ya zubar ya zama taki, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Da rani dabbobi kan taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a gindinsa. Shi ya sa geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili kyau. Sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun fahimci haka, har suka kafa hukunci mai tsanani a kan mai saran gawo.

Sai dai akwai rauni a cikin wannan dabara. Ƙaramin gawo yakan ɗauki shekaru yana tura saiwa ƙasa kafin ya yi wani tsawo a sama, kuma a cikin waɗannan shekaru ne garma ko akuya ke gamawa da shi. Gonar da ke da tsofaffin gawo ba tare da ƙanana ba, gona ce da za ta wayi gari babu ko ɗaya.

Wasu itatuwan tanadi suke yi ko tsimi. Kuka tana tara ruwa a cikin kututturenta mai laushi, ta kuma kaɗe ganye da zarar damina ta wuce, don kada ruwa ya riƙa fita ta cikinsa. Aduwa tana da ƙananan ganye masu kauri, ga ƙaya da ke rage ɓarnar dabbobi. Tumfafiya kuwa ganyenta na lulluɓe da wani abu mai kama da kakin zuma, farin ruwanta mai guba kuma ya sa dabbobi ba su damu da ita ba, don haka take yawaita a filayen da kiwo ya cinye.

Sabara da kalgo sun fi waɗannan ban sha'awa, ko da yake ba a ɗauke su da daraja ba. Kowace shekara manomi kan sassabe su lokacin sharar gona, amma kututturen da saiwar suna nan da rai a ƙasa, su sake tohowa. A kan wannan hali ne aka gina aikin farfaɗo da itatuwa da ya faro a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar a shekarar 1983, inda maimakon dasa sababbin itatuwa, manoma ke zaɓen rassa kaɗan daga tohon tsohon kututture su bar su su girma. Maraɗi ba ta da nisa da Zurmi, ƙasarsu da itatuwansu kuma kusan iri ɗaya ne.

Ciyayi irin su ƙarangiya ba su jiran rani ya kashe su. Cikin makonni kaɗan suke tsirowa, su yi 'ya'ya, su bushe, iri ne kawai ke tsallake rani. Haɗarin da ke gaban wannan iri shi ne ruwan farko, wanda sau da yawa yakan sauka sannan a yi makonni ba a ga wani ba. Da a ce duk irin ya tsiro lokaci guda, da fari ɗaya ya isa ya share shi. Don haka wani kaso yakan ci gaba da kwanciya a ƙasa har ruwa na gaba, ko ma wata shekarar. Manomin da ya yi binne, ruwa ya yaudare shi ya sake shuka, ya san wannan matsala sarai. Ƙuduji ma da wannan dabara yake addabar gero da dawa, domin irinsa kan shekara goma ko fiye a ƙasa, ba ya tsirowa sai saiwar hatsi ta zo kusa da shi.

3.3 Ƙananan Dabbobi

A fadamu da tafkunan da ke ƙafewa, gaiwa ce babban misali. Kifi ce, amma tana da huhu, tana shaƙar iska. Idan ruwa ya fara janyewa sai ta haƙa rami cikin laka, ta naɗe jikinta, ta fitar da majina wadda ke bushewa ta zama kamar jaka a kewaye da ita, sai 'yar kafar numfashi kawai ta bari. A wannan hali ba ta ci ba ta sha, bugun zuciyarta ya ragu, tana rayuwa da naman jikinta. Dattin da kifi kan fitar cikin ruwa ita ba ta da inda za ta zubar da shi, sai jikinta ya mayar da shi yuriya, wato sinadarin nan da aka sani a takin zamani, ta tara shi har ruwa ya dawo. Watanni take yi a haka, an kuma ga wadda ta haura shekara uku a ɗakin gwaji. Abin da ba ta da maganinsa shi ne fartanyar mai tono, da kuma noman rani da ke juya lakar fadama.

Damo, wanda Bahaushe ke yi wa kirari da sarkin haƙuri, ya ci sunansa. Da damina yakan ci ƙwari da katantanwa ya tara kitse, da rani kuma ya shige rami ko kogon itace ya yi watanni kusan ba ya cin komai. Kunama da gafiya da rana suna cikin rami, inda ƙasa ke da sanyi da ɗan danshi, sai dare su fito. Tururuwa kuwa rumbu take yi, har a shekarun yunwa mutane kan tone gidanta don hatsin da ta tara.

Ba duk waɗannan dabaru ne ke yi wa ɗan Adam daɗi ba. Farar nan da ke cin gero, Oedaleus senegalensis, takan binne ƙwanta a ƙasa a ƙarshen damina, ƙwan ya dakata da girma har ruwa ya sauka. Idan aka yi fari, ƙwan na iya ci gaba da jira, sannan ya ƙyanƙyashe da yawa idan damina ta gyaru. Ɓarnar fara da ƙasashen Sahel suka gani a 1974 da kuma 1986 ta biyo bayan manyan fari ne.

Haka abin yake ga ƙaramar katantanwar ruwa da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Idan kududdufi ya ƙafe takan nutse cikin laka, ta toshe bakin ƙoƙonta da majina, ta jira damina. Saboda haka ƙafewar kududdufi da rani ba ta nufin an rabu da cutar. Da ruwa ya taru katantanwar za ta farfaɗo ta hayayyafa, kuma yaran da ke wanka a cikinsa su ne na farkon kamuwa.